Mainasara da Lissafin da Ya Kulle a Akwati

Akwai wani mutum da ya zauna a Riruwai wajen shekarar 1954, ana ce masa Malam Mainasara. Mutumin Kiru ne, neman abinci ya kai shi gindin duwatsun nan, a zamanin da haƙar kuza ta tara jama'a daga ko'ina. Shi ne malamin ɗakin gwaji na wani kamfanin haƙa, inda ake auna abin da aka tono a san mai kyau da marar kyau.

Kai kam yana da shi, ko maƙiyinsa ba zai hana shi wannan ba. Amma zuciyarsa a wuya take, ga kuma rowar abin da ya sani. Jama'a, rowar tuwo ma da sauƙi, don cikinka kaɗai za ta bari da yunwa. Rowar ilimi kuwa ba a san inda ɓarnarta za ta tsaya ba.

Yana da dalilinsa, in dalili ne. Shekara bakwai ya yi yana wanke kwalabe a ƙarƙashin wani Bature mai baƙin rai, wanda ko tambaya ka yi masa sai ya jefe ka da tsumma. Da gefen ido Mainasara ya saci aikin. Ranar da Baturen zai koma ƙasarsu ya yar da wani tsohon littafi a kwandon shara, Mainasara ya tsince shi ya haddace shi kamar karatun allo. Tun daga nan ya ƙulla a ransa cewa abin da ya samu da wulaƙanci ba wanda zai same shi a bagas.

A bayan ɗakin gwajin akwai wani tankin siminti. A ciki ake tara asid, irin wanda muke kira ruwan batir, bayan an wanke wani nau'in kuza da shi. In tankin ya cika, sai an kashe wa asid ɗin kaifi da farar ƙasa kafin a buɗe masa hanya ya gangara rafi.

Da rani rafin yakan tsinke, ya bar wani kududdufi a ƙasan tudu, kuma a nan makiyaya ke shayar da shanu idan ko'ina ya ƙafe. Don haka ran dabbobin mutane yana hannun wanda ke yin wannan lissafi.

Lissafin ba wani sihiri ba ne. Asid ba da nauyi ake kashe shi ba, da ƙirga ne: kowace ƙwaya tasa sai ta sami ƙwaya guda ta farar ƙasa ta riƙe ta. To amma wa zai ƙirga ƙwayar da ido ba ya gani? Shi ne masana suka yi dabara, suka yi wa ƙwayoyin tari guda suka sa masa suna mol, yawansa shida da sifiri ashirin da uku a bayanta.

Littafin Mainasara ya jera nauyin kowace zarra, wato ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su yi sinadari, in ka haɗa su sai ka san nauyin mol na kowane sinadari. Na asid giram casa'in da takwas ne, na farar ƙasa saba'in da huɗu. Ka raba nauyin asid ɗin da ke tanki da casa'in da takwas, ka ninka da saba'in da huɗu, magana ta ƙare. Tankin in ya kai jan layi yakan ɗauki laba ɗari da casa'in da shida na asid, saboda haka laba ɗari da arba'in da takwas na farar ƙasa ke kashe shi.

Wannan 'yar magana da na gama gaya muku yanzu, ita ce Mainasara ya kwanta a kai kamar kaza a kan ƙwai.

Abu ɗaya ne a duniya yake sa fuskarsa ta saki, wato wata jar saniya mai farin goshi da mahaifiyarsa, Inna Balaraba, ta bar masa. Da kuɗin zaren da ta kaɗa shekara da shekaru ta saye ta tana 'yar maraƙa, kuma a cutar ajalinta ta ce masa ko yunwa za ta kashe shi kada ya sayar. Goshi suke ce mata.

Ya ba da ita riƙo a hannun wani makiyayi amininsa mai suna Surajo, bisa al'adar da aka saba, nono na mai kiwo, 'ya'ya na mai saniya. Duk Juma'ar da rugar ke kusa sai ya cusa guntun kanwa a aljihu ya je ya ba ta a tafin hannu. A wannan shekarar tana ɗauke da cikinta na fari.

Mai kula da siton kamfanin wani dattijo ne, Inuwa mutumin Dangora, shi ke auno farar ƙasar ya zuba a tanki bisa lambar da Mainasara ya ba shi. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, da furfurarsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko. Ba ya son yin abin da bai san dalilinsa ba, shi ya sa ya yi ta bin Mainasara da tambaya.

Da ya tambaya na farko, Mainasara ya yi kamar bai ji ba. Na biyu ya ce masa ya bari sai ya sami sarari. Na uku kuwa a gaban leburori ne, Inuwa ya rusuna duk da a shekaru ya isa ya haife shi, ya ce, "Malam, ina son in san inda ɗari da arba'in da takwas ɗin nan ta fito. Rai ba a hannunmu yake ba, wata rana kana iya kwantawa ciwo."

Mainasara ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Fatan ciwo kake mini ke nan? Kai da ka iya ƙirga goro ɗari ka ce ƙwarya, shi ke nan ka zama masani? Sikeli aka ba ka, ka tsaya a sikeli."

Leburori suka sunkuyar da kai don kunya. Inuwa ya ɗauki hularsa da ta faɗi ya koma sito.

Ana nan cikin bazara sai manajan kamfanin ya kira Mainasara, ya ce zai tafi Jos na mako biyu, kuma yana so kafin ya dawo a koya wa Inuwa lissafin tanki, don bai kamata aiki irin wannan ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Maganar gaskiya ce, amma Mainasara sai ya ji ta kamar mari. A ganinsa Inuwa ne ya zagaya ya kai ƙararsa, so ake a tatse shi a yar.

Motar manaja na ficewa ya shiga ɗakin gwaji yana huci. Ya ɗauki littafin, ya haɗa da 'yar takardar gwaji wadda ake tsomawa a ruwa ta nuna ko da sauran asid, ya jefa su a akwatin ƙarfe ya danna kwaɗo. Ya shaida wa akawun kamfanin cewa shi ya ɗauki hutu, ya kwashi matarsa Rabi suka hau motar kaya sai Tudun Wada, gidan wansa.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, ya san farar ƙasa ta ƙare a sito, motar da za ta kawo ba ta zo ba. Ya san kuma tankin ya kusa jan layi. Da gangan ya yi, so yake a rasa yadda za a yi, a biyo shi har gida ana ba shi haƙuri, kowa ya san wane ne Mainasara.

Kududdufin ya faɗo masa a rai a hanya, sai ya tuna Surajo ya ce masa bana can wajen Doguwa zai yi rani. Tunda Goshi na nesa, bai sake tunanin ruwan ba.

Kwana huɗu da zuwansa, da hantsi, sai ga Shitu direban motar kamfani a ƙofar gida, ya miƙo masa wasiƙa ya ce daga Baba Inuwa take, kuma dattijon ya ce a jira amsa. Mainasara ya juya ambulan ɗin, ya ga sunansa da rubutun nan mai karkace na wanda ya koyi boko da girma. Maimakon ya huce, sai ransa ya ƙara ɓaci. Wato shi bai ma isa a tako a zo ba, takarda za a aiko masa?

Ya shiga da ita cikin gida yana faɗa. Rabi ta saki muciyar da ke hannunta ta ce, "Malam, ka buɗe mana ka gani. Dattijon nan ba ya aiko takarda a banza. Ko ba don shi ba, ka duba don Allah."

Ya ce mata ta yi harkar tukunyarta. Ta ce ita dai ta faɗa, fushin da ba ya jin magana mai shi yake ci. Wannan ma ya ƙara tunzura shi. Ya fita ya jefa wa Shitu wasiƙar a cinya, ko yage bakinta bai yi ba, ya ce a mayar wa mai ita, a ce masa wanda ya iya kai ƙara ya iya lissafi.

Bayan kwana uku Shitu ya dawo. Wannan karon bai ko kashe mota ba, ya ce wa Mainasara ya hau, shanu na mutuwa a kududdufin Riruwai, kuma garken Surajo ne.

Mainasara bai san lokacin da ya hau ba. Sai da suka yi nisa ya lura hannunsa na cikin aljihu yana murza guntun kanwa.

Tun daga kan tudu ya hango ungulu. Da ya gangara ya tarar da jama'a sun yi cirko-cirko, ciyawar bakin ruwa ta ƙone ta yi ja, ga shanu goma a kwance, wasu sun mutu, wasu an yanka amma ba mai taɓa naman. Rijiyoyin Doguwa ne suka ƙafe da wuri, Surajo ya sauko da garkensa, dabbobin kuma ƙishirwa ta sa suka afka wa ruwan kafin a ankara.

Goshi na gefe ƙarƙashin wata ƙirya, da sauran numfashi. Bakinta ya saɓule, kumfa na zuba, cikin nan ya yi tsini gefe guda. Surajo ya ƙi yanka ta, ya ce amana ce, sai mai ita ya zo.

Mainasara ya durƙusa ya miƙa mata kanwar. Ta ɗago ido ta dube shi, ta kasa ko lasa.

Da ya miƙe idonsa ya faɗa kan Inuwa tsaye a cikin mutane. Ya yi kansa ya shaƙe masa wuyan riga, yana kiransa jahili, mai kisan kai, wanda ya sa hannu a abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce sai ya kai shi gaban alƙali ko da zai tafi tsirara.

Mutane ba su taɓa ganin fushin Inuwa ba sai ran nan. Ya fizge rigarsa, ya fara bayani da murya mai kaushi. Ya ce tankin ya wuce jan layi, bangonsa ya tsage yana tsiyaya, in ya fashe ɗanyen asid ne zai gangara. Ba farar ƙasa, ba manaja, ba littafi, sai buhunan sodar wanki guda shida a sito, kuma ya taɓa ji daga bakin Mainasara cewa ita ma tana kashe asid.

Ya ce ya auna laba ɗari da arba'in da takwas yadda aka saba, ya ƙara biyu don kada a sami giɓi. Bai zuba fiye da haka ba don tsoron kada sodar ita ma ta zama guba, tunda ko kanwa in ta yi yawa tana kayar da saniya. Ruwan ya yi ta tafasa yana kumfa, da kumfar ta kwanta ya ɗauka asid ya mutu, sai ya buɗe hanya.

Kafin Inuwa ya rufe baki, kan Mainasara ya riga ya yi lissafin. Ƙwayar soda nauyi gare ta, tana ɗauke da ƙwayoyin ruwa goma a jikinta, mol ɗinta giram ɗari biyu da tamanin da shida ne. Tankin na bukatar laba ɗari biyar da saba'in da biyu. Kumfar ba don asid ya mutu ta kwanta ba, sodar ce ta ƙare. Kashi uku cikin huɗu na asid ɗin da ransa ya gangara, alhali ga sauran buhuna can jibge a sito.

Inuwa ya sa hannu a aljihu ya zaro wasiƙar, har yanzu a manne. Ya ce, "Ga ta. Tunda ni jahili ne, kai mai ilimi karanta wa jama'a."

Mainasara ya so ya ƙi, amma idanun mutane sun yi masa yawa. Ya yage ta, ya karanta da murya ƙasa-ƙasa:

"Gaisuwa mai yawa zuwa ga Malam. Tanki ya tsage, farar ƙasa babu, sai soda. Ina so in zuba daidai nauyin da muka saba, amma raina bai kwanta ba. A sana'armu ƙwaryar goro ɗari ce, ko manya ko ƙanana, amma ƙwaryar manya ta fi ta ƙanana nauyi nesa ba kusa ba. In ka sayi goro da sikeli ka ce ƙirga ɗaya ce, ka cuci wani. Ko haka abin yake a nan? In haka ne, lamba kawai nake roƙo, ba sai ka koya mini ba. Ka yi sauri don Allah, Surajo ya sauko da garke bakin kududdufi, har da saniyarka."

Dattijon da Mainasara ya wulaƙanta a gaban leburori ya gano asirin da kansa, da ƙwaryar goron da aka yi masa gori da ita. Mol ɗin da Mainasara ke taƙama da shi ƙwarya ce kawai ta ƙwayoyin zarra. Lamba ɗaya ta rage masa, kuma lambar tana bakin mutumin da ya ƙi yage ambulan.

Surajo ya tako ya tsaya a gabansa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, shanu goman da ke kwance su ne rabin abin da ubansa ya bar masa.

Ya ce, "Na ga inda muryarka ta karye, Mainasara. A kan layin ƙarshe ne. Da ka san Goshi na nan da ka buɗe takardar, ko ba haka ba? To namu fa? Namu ba rai gare su ba?"

Gaskiya ce tsagwaronta, Mainasara ma ya san haka.

Surajo ya zare wuƙa daga kube ya miƙa masa ta ƙota. Ya ce amanar da aka ba shi ga ta nan ya mayar, shi ba zai yanka ta ba, wanda ya kashe ta shi zai ƙarasa. Mainasara ya karɓa, ya durƙusa ya dafa farin goshin nan, ya yi bisimilla. Yana yi yana kuka kamar ƙaramin yaro, ba kuma wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Washegari ya fasa kwaɗon akwatin da guduma, don makullin ya bari a Tudun Wada. Ya ɗauki littafin ya tafi sito, ya tsuguna a ƙasa gaban Inuwa ya roƙi gafara. Inuwa ya ce gafarar shanu ba a hannunsa take ba, amma a buɗe littafin.

Bayan azahar suka fara. Kafin a kira la'asar Inuwa ya iya mayar da nauyi zuwa mol, ya mayar da mol zuwa nauyin wani sinadarin, har ya lissafa na soda da kansa a bayan wani tsohon buhu, ya sami ɗari biyar da saba'in da biyu.

Ya ajiye fensir ya dubi Mainasara ya ce, "Wannan ne duka?"

Mainasara ya ce, "Shi ke nan, Baba."

Inuwa ya girgiza kai ya ce, "Tsakanin azahar da la'asar. A kan wannan shanu goma sha ɗaya suka mutu."

Da manaja ya dawo, Mainasara ya faɗi gaskiya da bakinsa, ya ce laifin nasa ne ba na Inuwa ba. Ya rubuta lambobin da fenti a bangon tankin, manya-manya, yadda kowane lebura zai gani. Surajo kuwa ya tattara ragowar garkensa ya yi kudu, har Mainasara ya tsufa bai sake jin sallamarsa ba.

Darasi: Ilimin da ka kulle a akwati don a ji tsoronka, wata rana a ƙofar gidanka zai fashe. Kada fushi ya hana ka sauraron wanda ka raina, kuma kada ka jira sai abin ya shafi naka kafin ka ga girman ɓarna. In ka san wani mai ƙyashin koyar da na ƙasa da shi a wurin aiki, a makaranta ko a sana'a, tura masa wannan labarin, ku kuma yaɗa shi don wasu su amfana.